Noma a ƙarƙashin itatuwa: jagorar shuka citta, masoro, saiwoyin magani da naman kaza cikin kurmi

Akwai amfanin gonar da rana tsaka ke ƙona shi. Citta, gangamau, masoro, kofi, koko, fanila, naman kaza da saiwoyin magani irin su jinsen duk ƴan kurmi ne ko ƴan bakin kurmi tun asali, a inuwa suka saba. Noman ƙarƙashin itatuwa shi ne a shuka irin waɗannan a inda itatuwa suke tsaye, a bar itatuwan su ci gaba da aikinsu: su tace rana, su zubar da ganyen da zai ruɓe ya zama taki, su riƙe ƙasa kada ruwa ya tafi da ita. Tsohuwar sana'a ce. Mutanen Chagga da ke gangaren dutsen Kilimanjaro sun daɗe suna jera kofi a ƙarƙashin ayaba, ayaba kuma a ƙarƙashin manyan itatuwa. A jihar Bahiya ta Burazil ana noman koko a cikin kurmin da aka ɗan rage wa itatuwa, tsarin da suke kira kabruka.

Abin da manomi ke sarrafawa a nan shi ne haske. Iri da taki da ruwa duk a bayansa suke. Idan hasken ya dace da abin da aka shuka, kurmin da kansa zai ɗauke maka yawancin wahalar. Idan bai dace ba, ko buhu nawa na taki ka zuba, asara ce.

Auna inuwar kafin ka taɓa gatari

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A cikin kurmi kam, ido maƙaryaci ne. Ƙasan kurmi mai duhu kan samu kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari kawai na hasken da ke sauka a kan itatuwa, amma ka tsaya minti biyar a ciki za ka rantse haske ya wadata, don idonka ya riga ya saba.

Nemi guntun bututu mai tsawon santimita 10 zuwa 15, ka ɗaura zare biyu gicciye a bakinsa na sama. Ka bi filin a miƙe layi-layi, duk taku uku ka tsaya ka leƙa sama sak ta cikin bututun. Idan mahaɗar zaren ta faɗa kan ganye ko reshe, rubuta 1. Idan ta faɗa kan sararin sama, rubuta 0. Yi haka sau 100. Jimillar da ka samu ita ce kimanin kason rufin itatuwan. Mai na'urar auna haske, ko manhajarta a waya, sai ya auna a fili tsakanin ƙarfe 11 na safe da 2 na rana a ranar da ba gajimare, ya shiga ya auna wuri goma a ƙarƙashin itatuwa ya fitar da matsakaici. Idan fili ya ba da 90,000 ciki ya ba da 27,000, hasken da ke shigowa kashi 30 ne, wato inuwa kashi 70.

Awo ɗaya ba ya isa. Itatuwa da yawa suna zubar da ganye a wani lokaci na shekara, don haka wurin da ya yi duhu da damina yana iya zama fili fetal da rani. Auna aƙalla sau biyu, kuma awon da ya fi muhimmanci shi ne na watannin da amfanin zai kasance a gona. Lura da gefe ma: bakin kurmin da ke kallon gabas yana samun ranar safe mai laushi, na yamma yana shan ranar la'asar mai ƙuna.

Wace shuka ce ta dace da wace inuwa

Inda inuwa take kashi 25 zuwa 40, citta da gangamau da gwaza da abarba suna yi. Kofi ya fi son kashi 30 zuwa 50. Masoro, fanila da ƙananan itatuwan koko suna jin daɗin wajen rabi da rabi. Daga kashi 70 zuwa 80 wurin jinsen ne da gungumen naman kaza. Abin da ya haura 90 kusan babu abin da zai yi sai naman kaza.

Shukar da kanta za ta gaya maka idan ka yi kuskure. In inuwa ta yi mata yawa sai ta yi dogon kara siriri, ganye ya yi faɗi da duhun kore, fure ya ƙi fitowa, ka tono saiwa ka tarar ba ta taka kara ta karya ba. In rana ta yi yawa, ganye ya koɗe, gefensa ya ƙone, ya riƙa naɗewa da tsakar rana.

Inuwa dai ba ta sauya yanayin ƙasa. Masoro yana son zafi da laima da ruwan sama na wajen milimita 2,000 a shekara. Jinsen kuwa ba ya tsira sai inda ake hunturu mai sanyin gaske. Duk kyawun inuwarka, idan yanayin ba nasu ba ne, ka haƙura.

Sannan ba kowane itace ne abokin zama ba. Wanda ake so shi ne mai saiwa mai zurfi, mai ganye ƙanana da ke barin haske ya ratso, wanda ganyensa ke ruɓewa da wuri. Dangin wake irin su Gliricidia, Albizia, Inga da Erythrina sun fi, don suna ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin kuma suna jure datsa. Itacen turare yana shanye ruwa, ganyensa kuma yana daɗewa bai ruɓe ba. Baƙin walnat na Amurka ta Arewa yana fitar da sinadarin juglon da ke kashe tsirrai da dama a kewayensa. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ka duba gindin itacen. Haske yana isa amma ƙasa tana nan tsirara ko ciyawa babu? Ruwa ba ya tsami banza, ka matsa gaba.

Ƙasa da magudanar ruwa

Mafi yawan abin da ake shukawa a inuwa saiwarsa ake nema, kuma babban makashin saiwa shi ne ruwan da ya kwanta. Haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bar shi ya tsotse, ka sake cikawa. A cikawa ta biyu ake awo. Idan ruwan yana sauka santimita 2.5 zuwa 5 a awa, ƙasar ta yi. Idan ka dawo washegari ka tarar da ruwa, kada ka sa citta ko jinsen a nan, ko da kuwa inuwar ta fi ko'ina kyau.

Don gwajin ƙasa, share busasshen ganyen sama, ka ɗebi ƙasa daga wuri 15 zuwa 20 a zurfin santimita 15, ka cakuɗa a bokiti mai tsabta, ka kai rabin kilo ɗakin gwaji. Ka nemi a auna tsamin ƙasa, wato pH, da kalsiyam da fosforas da fotasiyam. Citta da gangamau da masoro suna son pH 5.5 zuwa 6.5. Kada ka zuba farar ƙasar noma ko toka da ka kafin sakamakon ya fito.

Garma ba ta da aiki a nan. Yawancin ƙananan saiwoyin da itace ke cin abinci da su suna cikin santimita 30 na sama. Ka yanke su da yawa, itacen zai fara bushewa daga sama bayan shekara biyu ko uku, lokacin da ka manta abin da ka yi masa. Fartanya da manjagara sun isa. Ka bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakanin kunya da gindin babban itace, kuma kada ka tara ƙasa a jikin kututture.

Gyaran rufin itatuwa

Kafin komai, tabbatar da haƙƙinka a kan filin da itatuwan, domin a ƙasashe da yawa mallakar fili ba ta ba mutum izinin sare kowane itace, kuma wasu daga cikin shuke-shuken nan sai sun shekara bakwai kafin a ci moriyarsu.

Fara da sa wa itatuwan da za su zauna alama da fenti: masu lafiya, miƙaƙƙu, masu ba da ƴaƴa ko katako ko taki. Sai ka bi daga ƙasa zuwa sama. Cire ƙayoyi da tsirrai masu mamaya da igiyoyin da suka shaƙe itatuwa. Kwantar da matattun da suka karkata kan hanyar aiki, amma ka bar ɗaya ko biyu da ke nesa, gidan tsuntsaye ne masu cinye maka ƙwari. Datse ƙananan rassa har tsayin mita biyu zuwa uku don iska ta riƙa ratsawa. Yanzu sake auna inuwar. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, ba sai an kai ga manyan itatuwa ba.

Idan sai an rage manya, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rufin a shekara guda. Itatuwan da suka girma a cunkushe jingine suke da juna, in aka buɗe su farat ɗaya guguwar farko za ta tuge su. Ɓawon da bai saba da rana ba yana tsagewa. Ciyawa kuma, da take jiran haske shekara da shekaru, za ta taso ta fi ƙarfinka. Reshen da ka bari kana iya sare shi baɗi, wanda ka sare kuwa sai dai haƙuri.

Babban reshe da zarto ake yanke shi, a yanka uku. Na farko daga ƙasa, santimita 30 daga kututture, ya shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen. Na biyu daga sama, ɗan gaba da na farko, har reshen ya faɗi. Na uku shi ne cire guntun da ya rage, dab da kumburin nan da ke gindin reshe ba tare da an taɓa kumburin ba, don daga nan ne itace ke rufe rauninsa. Wanda ya yanka sau ɗaya daga sama zai ga nauyin reshen ya saɓule ɓawo har ƙasa, ƙofar ruɓa ke nan. Ganye da ƙananan rassa kada a ƙona su. A daddatsa a tara, su ne abin lulluɓe kunya.

Fara da kaɗan, kuma a gicciye da gangare

Shekarar farko ta gwaji ce. Zaɓi wuri uku masu inuwa daban-daban, ka yi kunya ɗaya ko biyu a kowanne, iri ɗaya, rana ɗaya, kulawa ɗaya. Auna abin da ka shuka da abin da ka girbe a sikeli ka rubuta. Abin da wannan zai koya maka game da filinka babu littafin da zai ba ka shi.

A gangare, kunya tana bin kwance ne, ba ta gangarawa. Haɗa sanda biyu masu tsawon mita biyu da ta uku a tsakiya su yi siffar harafin A, rataya dutse da igiya daga ƙololuwa, ka sa alama inda igiyar ke tsayawa idan ƙafafun biyu suna kan daidaitaccen wuri. Ka riƙa juya shi ƙafa bayan ƙafa kana kafa turaku, layin turakun shi ne layin kunyarka. Jera gungumen da ka sare a gefen ƙasa na kunyar su tare zaizaya.

Citta, daga iri zuwa tono

A ganinmu, a ƙasashe masu zafi citta ce ta fi dacewa mai farawa ya gwada, don cikin shekara guda take nuna maka sakamako.

Yi kunya mai faɗin mita ɗaya, tsayin santimita 15 zuwa 30, da hanyar santimita 50 tsakanin kunya da kunya. Cakuɗa ruɓaɓɓen taki a sama, kamar kilo 2 zuwa 3 a kowace murabba'in mita. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona tsiro kuma yana jawo tsutsa. Iri a karya shi gutsure-gutsure na giram 20 zuwa 25, kowanne da ido ɗaya ko biyu masu rai, a bar su a inuwa kwana ɗaya ko biyu bakin karayar ya bushe. Mai ma'aunin zafi yana iya tsoma irin a ruwa mai digiri 50 zuwa 51 na minti 10 don kashe ƙananan tsutsotsin saiwa. Wanda ba shi da ma'auni kada ya gwada da yatsa, dafa irin zai yi.

Da ruwan farko ya zauna, shuka a tazarar santimita 25 ta kowane gefe, zurfin santimita 4 zuwa 5, ido yana kallon sama. Kunya mai tsawon mita 10 tana ɗaukar gindi 160, wato kilo 4 na iri. Nan take a lulluɓe da ɗanyen ganye, kilo 10 zuwa 12 ga wannan kunyar. Lulluɓin yana hana ɗigon ruwan da ke zubowa daga rassa daddaɓe ƙasa, yana riƙe laima, yana danne ciyawa. A kwana 45 da kuma kwana 90, a cire ciyawa da hannu, a jawo ƙasa a rufe saiwar da ta leƙo, a ƙara lulluɓi kamar rabin na farko ko fiye. Saiwar da rana ta gani tana yin kore ta yi tauri.

Cututtuka biyu ne ke gama da gonar citta, kuma yadda ake tunkararsu ya bambanta, don haka a san su. Ruɓar saiwa tana farawa da ganyen ƙasa ya yi rawaya daga gefe, gindin kara ya jiƙe ya yi laushi, ka ja shi ya fizge a hannunka ba wuya, saiwar kuma ta zama taɓo mai wari. Ruwan da ya kwanta ne ke kawo ta. Ɗaya cutar ita ce yaushi na bakteriya: ganye yana kore shar amma ya yi laƙwas ya naɗe, cikin ƴan kwanaki gindin ya mutu. Don tabbatarwa, yanke karan kusa da ƙasa ka rataya bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada ka motsa. Cikin ƴan mintuna, in cutar ce, za ka ga wani farin zare kamar madara yana sulalowa ƙasa daga bakin yankan. Wannan ba ta da magani. A tono gindin da ƙasar da ke kewaye da shi a fitar daga gona, a wanke fartanya da takalmi, a toshe hanyar da ruwa zai bi daga nan zuwa sauran kunyoyi. Kada a shuka citta inda aka yi tumatir, barkono ko dankalin turawa kwanan nan, kuma kada a maimaita ta a kunya ɗaya sai bayan shekara uku ko fiye.

A wata na 8 zuwa 9 ganye zai yi rawaya ya kwanta, lokacin tono ke nan. Idan komai ya tafi daidai, kilo ɗaya na iri kan ba da kilo 7 zuwa 10. Irin baɗi kuwa tun ganye yana kore ake zaɓensa: kafa sanda a gindin da ya fi lafiya, domin bayan ganye ya bushe mai cuta da mai lafiya kama ɗaya suke. A adana shi a rami cikin inuwa, jeri-jeri da busasshen yashi ko dusar katako, a bar kafar iska.

Gangamau kusan haka ake yi masa, sai dai a ba shi tazarar santimita 30, kuma ya fi citta jure inuwa. Bambancin yana bayan girbi. Cikin kwana biyu ko uku da tono a tafasa shi minti 45 zuwa 60, har kumfa ta taso kuma tsinke ya shige shi ba tirjiya, sannan a shanya kwana 10 zuwa 15. Kilo biyar ɗanye yana komawa kamar kilo ɗaya busasshe.

Masoro da sauran masu hawa itace

Masoro yana mayar da kututturen itace gona. Ana so itacen ya zama miƙaƙƙe, mai kaushin ɓawo wanda ba ya saɓulewa, don saiwoyin jikin igiyar su samu abin kamawa. Daga igiyoyin da ke rarrafe a gindin uwa mai yawan ƴaƴa ake yanko iri, gaɓa biyu ko uku, a raine su a leda cikin inuwa har su yi saiwa. Haƙa rami mai santimita 50 ta kowane gefe, santimita 30 daga gindin itacen, a ɓangaren da ranar la'asar ba ta duka. Cika shi da ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki har ya ɗan yi tudu, dasa biyu ko uku, ka riƙa ɗaure sabon toho a jikin itacen da igiya mai laushi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: igiyar da aka bari ta yi lilo ba ta fitar da rassan da ke yin ƴaƴa.

Dab da faɗuwar damina a rage rassan itacen. Lokacin gajimare ya riga ya rage haske, kuma inuwa mai yawa da laima su ne ke kiran ruɓar gindi, cutar da ke kashe igiya sukutum cikin makonni. Daga shekara ta uku ake fara tsinka. Idan ƙwaya ɗaya ko biyu a zangarniya suka yi ja, a cire zangarniyar duka, a murje, a tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya don ya yi baƙi bai ɗaya, a shanya har ya yi ƙaras-ƙaras. Kashi ɗaya cikin uku na nauyin ne ke saura.

Fanila ma haka take hawa, amma a san da wannan kafin a fara: furenta yini ɗaya yake buɗewa, kuma a duk ƙasar da ba tata ta asali ba sai an yi masa barbara da hannu, fure bayan fure, da ɗan tsinke. Wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, shi ya gano dabarar a tsibirin Reyuniyon a 1841, kuma har yau da ita ake aiki. Wanda ba zai iya zagaya gona kowace safiya a lokacin fure ba, fanila ba tasa ba ce.

Naman kaza a jikin gungume

Itatuwan da ka rage su ne jarin wannan. Ana amfani da gungumen itace mai rai da aka sare, mai kaurin santimita 10 zuwa 15, tsawon mita ɗaya, ɓawonsa lafiya lau. Wanda ya daɗe a yashe wasu funfuna sun riga ka shiga. Nau'in naman kaza da ake kira shitake yana son katako mai tauri irin na itacen ok (oak) da yanayi mai sanyi-sanyi. A ƙasashe masu zafi nau'in da ake kira kawa (oyster) ya fi, kuma yana karɓar katako mai laushi. Iri daga masu sana'ar haɗa shi ake saya, yana zuwa a jikin ƴan turakun katako ko cikin dusar katako.

Cikin mako biyu zuwa shida da sarewa, huda ramuka da injin huda katako: faɗi milimita 8, zurfi santimita 2.5 zuwa 3 idan turaku ne, tazarar santimita 15 a layi, santimita 5 tsakanin layuka, ramukan layi na biyu su faɗa tsakanin na farko. Gungume ɗaya kan ci rami 30 zuwa 50. Buga turakun su shige daidai da ɓawo, ka shafe bakin kowanne da narkakken kaki. Jera su a inuwa mai kashi 75 zuwa 80, a kan duwatsu ko ƙarfe, kada su taɓa ƙasa saboda gara.

Daga nan sai jira, wata 6 zuwa 18 ga shitake. Aikinka kawai kada cikin gungumen ya bushe. Idan an kwana biyu ba ruwa, jiƙa su sosai na awoyi sannan ka bar ɓawon ya sha iska. Yayyafi kullum kuskure ne, yana jiƙa waje ya bar ciki a bushe, ya kuma jawo koren funfuna. In farin dabbare-dabbare ya bayyana a bakin gungumen, irin ya kama. Nutsa shi cikin ruwan sanyi awa 24, jingine shi tsaye, cikin kwana 7 zuwa 10 za ka tsinka. Ba shi hutun mako 6 zuwa 8 kafin ka sake. Gungume ɗaya yana yin shekara uku zuwa biyar. Duk wani naman kaza da ya fito wanda bai yi kama da abin da ka shuka ba, kada ya shiga bakin kowa, akwai masu kisa a cikinsu.

Jinsen, ga masu kurmin ƙasashen sanyi

Jinsen na Amurka shi ne misalin saiwar da ake shukawa a bar ta kamar ta daji. Yana son gangaren da ke kallon arewa ko gabas, ƙasa mai kalsiyam da pH 5 zuwa 6. In kalsiyam ya gaza, jifsam, wani farin ma'adini mai kalsiyam, ake zubawa don ba ya taɓa tsamin ƙasar. Irinsa sai ya yi wata 18 ko fiye cikin yashi mai laima kafin ya tsira, shi ya sa ake sayen wanda ya riga ya yi shekara guda cikin yashin, kuma in ya bushe ko sau ɗaya ya mutu. Da kaka, lokacin zubar ganye, a janye ganyen da manjagara, a karce ƙasa sama-sama, a watsa ƙwaya 40 zuwa 50 a murabba'in mita, a taka su su shige kamar santimita ɗaya zuwa biyu, a mayar da ganyen. Ba kunya, ba taki. Taki yana sa saiwar ta yi ƙiba da santsi, masu saye kuwa siririya mai zobba a jiki suke nema.

Shekara 7 zuwa 10 ake jira. A tsakani ɓeraye, barewa, katantanwa da ɓarayi duk suna da rabo in ba a yi tsaro ba, kuma cunkoso yana kawo cutar ganye. Tun 1975 jinsen na Amurka yake cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda ke taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe, saboda haka fitar da saiwarsa zuwa wata ƙasa sai da takarda.

Girbi da shanya

Abin da aka shuka don ya daɗe, ba a kwashe shi tas. A saiwoyi, a tono manyan da suka riga suka yi ƴaƴa, a binne ƴaƴan nan take a ramin. A ganye, kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na jikin tsiro a lokaci guda. A ɓawo, a yanki siririn tsiri a tsaye, a bar itacen ya warke shekaru kafin a koma. Zagaye kututture da yanka kashe itace ne. Yawan saɓule ɓawon Prunus africana don magani shi ya kai itacen cikin jerin CITES a 1995.

Ba a fafe gora ranar tafiya: mashanya da mai saye duk kafin girbi ake tanadinsu. Cikin kurmi laima ta yi yawa, a fito da kaya waje. A yi gado na raga mai tsayin ƙugu, a baza kaya jeri ɗaya, a riƙa juyawa, da dare a rufe. Citta da gangamau da masoro suna son rana. Ganyen magani da saiwar jinsen a inuwa mai iska ake shanya su, zafin kada ya wuce digiri 35, in ba haka ba ƙamshi da launi su gudu. Shanya a ƙasa tsirara tana kawo funfuna, wasunsu kuma suna barin gubar aflatoksin wadda dafuwa ba ta kashewa.

Saiwa ta bushe idan ka karya ta ta ce ƙas, ba ta lanƙwashe ba. In kana shakka, zuba kaɗan a kwalba ka rufe ka ajiye a rana awa biyu. Gumi ya fito a jikin kwalbar, a mayar kan raga. Wanda ya bushe a zuba a buhu mai tsabta, a ɗora kan katako nesa da bango, a rubuta ranar girbi da lambar kunyar da ya fito a jikin kowane buhu.